Baƙon da ya ƙirga harsashi

Shagona na ɗinki a Talata Mafara yana da talabijin, shi ya sa bayan la'asar ba na rasa 'yan taya hira. Fim ɗin 'yan sanda muke kallo, irin wanda jarumi zai yi ta ɓarin wuta da 'yar ƙaramar bindiga tun daga titi har saman bene, bai tsaya ɗura harsashi ba. Mu dai daɗi muke ji.

Shekarar da mutanen Gidan Goga suka yi ta kwararowa gari gudun 'yan bindiga, wani magidanci daga cikinsu ya kama ɗaki a bayan shagon, shi da matarsa da 'ya'ya huɗu. Ba shi da yawan magana. Rannan yana ƙarshen benci sai na ga leɓensa na motsi. Ashe ƙirga harbin yake yi.

"Wagga ƙarya ta," ya ce. "Bindigag ga ba ta ɗaukar haka. Kuma wanda anka halba ga kahwaɗa ba shi tashi shi yi gudu."

A garinmu ba a son wanda ya cika sanin bindiga, don kowa na da labarin maƙwabcin da ke kai wa 'yan bindiga rahoto. Ni kuwa dama ba ni da saurin yarda da mutum. Na sa masa ido. Ga yawan zuwa kasuwar Maradun, ga waya da yake amsawa a bayan katanga, wani lokaci da Fulatanci. Ban yi mako ba na kai maganar wurin kawuna, mai gidan hayar.

Kawu ya kira shi a gabana. Mutumin ya ce ranar da aka shiga garinsu kwance yake cikin dawa, yana ƙirga harbi, yana jiran su tsaya ɗuri ya samu ya gudu. Ƙanensa a kafaɗa aka same shi, ya cika a kan amalanke kafin su kai asibiti.

"Allah shi jiƙan shi," in ji kawu. "Amma ka ba ni ɗakina ƙarshen wata."

Na ji kunya, ba zan ɓoye ba. Amma ranar da suke loda kaya a motar Bakura, ƙaramar 'yarsa na rungume da buta tana kuka, na fito bakin shago na tsaya. Ba sallama ta fito da ni ba. Tabarmar da suka naɗe nake kallo, ina auna tsawonta da ido, ko za ta iya ɓoye bindiga.