Littafin da na ba ɗan mai jakuna

A shekarar da aka fara aiko mana da akwatin littattafan hira daga Katsina, ni ke koyar da aji huɗu a elementaren Jibiya. Littattafai ne ƴan sirara na Hausar boko. Aka ce in riƙa zaɓar wa kowane yaro wanda ya dace da shi, ya tafi da shi gida. Na rantse wanda ya tsara wannan a ofis bai taɓa kwana a Jibiya ba.

Na ba wani, ya dawo da shi duk man gyaɗa. Na ba wani, uwarsa ta adana shi cikin kwalla wata guda, wai kada kayan hukuma su lalace. Yaro ɗaya ne tak ya sa ban rufe akwatin na huta ba. Ubansa mai jakuna ne, yana kai goro Maraɗi ya dawo da fatu. Yaron nan in ya kama karatu, ko kiransa ka yi ba ya ji. Shi na sa wa rai a jarrabawar shiga Midil ta wannan shekara, don duk ajin ba wanda ya kama ƙafarsa. Abin da ya rage masa kawai karatun ya yi sauri, kuma labari mai daɗi ne ke kawo wannan.

Na zaɓar masa wani na mutumin da ya bar gida ya shiga duniya. Kwana uku ya dawo da shi, ko buɗewa bai yi ba. Na ce lafiya? Ya ce kakarsa ta hana. Ta tambaye shi abin da ke ciki, ya ce labari ne na ƙirƙira, ta ce to tatsuniya ke nan, kuma kowa ya sani mai yin tatsuniya da rana ɓacewa yake yi. Na ce to ya karanta bayan magariba. Ya ce ba a ƙona mai a fitila don tatsuniya, tatsuniya da baki ake yin ta.

Kun ji fa. Da rana haramun, in rana ta faɗi ba haske. To yaushe za a karanta?

Na je gidan da kaina, na durƙusa na gaida tsohuwa. Na ce, "Inna, wannan ba tatsuniya ba ce, karatu ne."

Ta ce, "Abin da ke ciki ya faru?"

Na ce bai faru ba.

Ta ce, "To, Malam, mi a sunan abin da bai faru ba?"

Na fito raina a ɓace, wata tsohuwa da ba ta san baƙi ko ɗaya ba ta ɗaure ni. Ɓacin ran nan ne ya ba ni dabarar da har yau nake jin haushin kaina a kanta. Na san duk ranar Lahadi ana aiken yaron zuwa Daddara da jaki. Na kira shi, na mayar masa da littafin, na ce, "Ai kan jaki ba gida ba ne. Sa shi a aljihu, in ka fita gari ka buɗe." Har wani jin daɗi nake yi, wai na yi wayo.

Abin da ban lissafa ba shi ne jakin. Dabbar nan ta tsufa a kan hanyar Maraɗi. Da suka kai mararraba, ta ji ba wanda ya karkata ta, sai ta bi hanyar da ta sani. Yaro kansa na cikin littafi. Bai ɗago ba sai da ya ji an riƙe jakin, ya ga masu tsaron iyaka na ƙasar Faransa a tsaye. Ga kaya, ga yaro shi kaɗai, ga takarda mai tambarin ƙasar Ingilishi. Suka karɓe littafin, suka zaunar da shi har a zo a bayyana ko na wane ne.

Kwana biyu ana nemansa ta wajen Daddara da Gangara, har rijiyoyi aka leƙa. Sai wani mai dawowa daga arewa ya ce ya ga jakin a ɗaure a bakin iyaka. Uban ya je ya karɓo ɗansa.

Garin kuwa ya samu abin faɗi. In na bi ta kasuwa sai in ji ana cewa ai tsohuwa ta faɗa. Na yi bayanin jakin har bakina ya gaji: ba tatsuniya ta ɓatar da shi ba, linzami ya saki. Wani mahauci ya ce, "To mi ya sa ya saki?" A makon nan aka dawo mini da littattafai goma sha ɗaya, wasu iyayen da kansu suka kawo, a naɗe cikin tsumma.

Yaron bai zo makaranta ba. Na ba shi mako, sannan na je. Na samu uban a ƙofar gida yana gyaran mangala. Ya shimfiɗa mini buzu, ya sa aka kawo fura, bai ɗaga murya ba ko kaɗan, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Na yi masa maganar Midil, na ce yaron nan zai iya zama malamin asibiti. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Malam, kai ka ce ya ɓoye wa uwata?" Na ce ni ne. Ya ce, "To ni na nemo shi. Daga yau ya bi ni hanya, in ya so in san inda yake."

Na koma sau uku. Fura kawai nake sha in taso.

Yara biyu suka ci jarrabawar, kuma a gaban Allah ko rabinsa ba su kai ba. Ranar tafiyarsu na raka su tasha. Ɗan mai jakunan yana can, ya kawo fatun ubansa. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum. Da ya ga yaron mota na fama da akwatunansu na ƙarfe, sai ya hau, ya karɓi igiyar ya ɗaure su tamau, don yanzu ya iya ɗaurin kaya. Ya sauko ya ce musu Allah ya kiyaye hanya. Ina tsaye a gefe ina kallo.