Harshen da Aka Ba Ni Ajiya

Ƙanena ya kawo mini 'yarsa birnin Madina a wani watan azumi, lokacin muna zaune a wani ɗan gidan haya a unguwar Ranuna, kusa da Ƙuba. Ba ta wuce shekara huɗu ba. Fara ce sol, ga gashi cunkus da ya ƙi jin maganar mataji. Ta ƙanƙame ƙafar wandon ubanta, ta ƙi kallon kowa. Na durƙusa na ce, "Zo mana, 'yar Gwaggo." Sai ta ɗaga kai ta ce wa ubanta wani abu da kunnena bai taɓa jin irinsa ba, ni da nake zaune a garin da kowane yare na duniya ke zuwa ziyara.

Gwamnati ce ta tura ƙanen nan nawa karatun injiniya daga Kano zuwa can ƙasar sanyi. Mu dai Rasha muke cewa, shi kuwa kullum sai ya gyara mana, ya ce Yukren, kuma yaren gidan surukansa daban yake da Rashanci. Can ya auri abokiyar karatunsa. Da ya gama, aka hana matar fita, wai ta taɓa aiki a wata masana'anta da ba a son a san abin da ake ƙerawa a ciki. Suka shirya a kan ya tafi da yarinyar, ita ta biyo baya in takardarta ta fito, 'yan watanni kawai. Shi da ya koma ƙasarmu ya samu aikin hanya a daji, ba gida ba mace, iyayenmu kuma sun rasu. Babbar yaya uwa ce, shi ya sa ya nufo ni.

Ranar da ya sauka, bayan an sha ruwa, ya ce mini, "Yaya, ci da sutura ban damu ba, na san ki. Abu ɗaya uwarta ta roƙe ni da za mu rabu. Ta ce kada ta zo ta tarar 'yarta ba ta jin maganarta."

Maganar ta sauka a inda nake da ciwo. 'Ya'yana maza biyu haifaffun Madina ne. In na ce, "Ina ka je?" sai a amsa mini da "Ruht as-sug, ya ummi," wato kasuwa. Suna jin Hausa sarai, bakinsu ne ya ƙi ta. To ni ina jin Larabcinsu, ko da haushi. Ita wannan baiwar Allah fa, da me za ta ji? Na ce masa na ɗauka. Ban tsaya na auna nauyin kayan ba kafin na ɗora a kai.

Maigidana tela ne, yana ɗinki a wani shago kusa da Harami, a ƙarƙashin wani Balarabe da ya tsaya masa a kan izinin zama. Mutum ne mai haƙuri, amma ya fi kowa tsoron hukuma. Da ya ga ɗan littafin da ƙanena ya zo da shi, mai haruffa kamar an juya su baya, sai ya tashi ya rufe taga.

"Kun san ƙasar da muke ciki kuwa? A ga rubutun 'yan gurguzu a gidana, khalas, magana ta ƙare, sai dai ku ji ana loda ni a jirgi a Jidda. Littafin nan ya koma inda ya fito. In za ku yi yaren, ku yi shi da baki, a cikin ɗaki."

Haka aka yi. Ni da ban wuce makarantar allo ba, na zama ɗalibar ƙanen da na goya. Da hantsi, ina tsintar shinkafa, shi yana zaune a bakin ƙofa yana karantar da ni. Abin da na fara nema shi ne yadda ake cewa kada ki yi kuka, don yarinyar ba ta da aiki sai shi. Ya ce, "Ne plach." Na maimaita har ya zauna.

Daga nan ruwa ya yi zurfi. Ya ce kalmominsu akwai namiji akwai mace. Na ce wannan ai mu ma muna da shi. Ya ce akwai na uku, ba namiji ba mace ba, kamar madara, moloko. Na ce Allah ya kyauta. Ya ce ruwa voda ne. Bakina ya ƙi wannan harafin na farko, ni dai boda nake cewa har gobe. Na ɗauka na gama da ruwa, sai ya ce a'a, in kina sha vodu ne, in babu shi vodi ne, wutsiyar kalma tana canzawa har kala bakwai bisa ga aikin da take yi a magana. Hatta kiran mutum da nasa. Gwaggo titka ce, amma in za a ƙwala mata kira sai a ce titko. Na ajiye faranti na ce, "Kai, mutanen nan sanyi ne ya hana su fita, suka zauna a ɗaki suna wahalar da kalmomi." Ya yi dariya har da hawaye. Dariyar da na gani a fuskarsa ke nan duk zamansa.

Bayan Salla ya koma bakin aikinsa. Ya bar mini kaset guda da ya cika da muryarsa, yana faɗin magana da Hausa yana maimaita ta da yaren. Maigidana ya cusa shi cikin kaset-kaset ɗin wa'azi don kada ya yi fice. Ba mu kai ga yadda ake faɗin abin da ya wuce ko wanda zai zo ba. Duk abin da na iya na yanzu-yanzu ne: ina ci, tana barci, muna zaune.

Watannin farko sun yi mini wuya. Yarinyar takan zauna a lungu da 'yar tsanarta tana ta zuba magana, ni ina tsintar kalma ɗaya cikin goma. Wata Hajiya maƙwabciyarmu, 'yar Damagaram da ta tsufa a Madina, ta leƙo wata rana ta saurara, ta ja ni gefe.

"Ke, wannan ba yaren mutane ba ne. Na ji Turkanci, na ji na Jawa, na ji na Bukhara. Wallahi yarinyar nan akwai iska a kanta. A kai ta a yi mata ruƙiyya."

Na ce, "Hajiya, yaren uwarta ne."

"Wace ƙasa?"

Na tuna da maigidana da tagarsa. Na ce, "Can gaba da Turkiyya." Ta tafi ba ta yarda ba, washegari ta aiko da ruwan tofi a kwalba. Na ba yarinyar ta sha, ai addu'a ba ta ɓaci.

Da lokacin aikin Hajji ya zo, gari ya cika, sai na yi dabara. Na riƙa ɗaukar ta muna shiga mota zuwa Harami, mu zauna a wajen mata. Duk inda na hango fararen tsofaffi masu ɗankwali sai in matsa kusa, in tsokane ta ta yi magana, ina satar kallon fuskokinsu. Na ce a raina duk duniya tana zuwa garin Manzo, ba za a rasa mai jin ta ba. Turkawa suka shafa kanta suka ba ta alewa. Mutanen Bukhara suka girgiza kai. Ashe daga ƙasar uwarta ba a barin kowa ya zo.

Wata rana bayan la'asar ta ja mayafina ta ce tana son ruwa, da yarenta. Wata tsohuwa da ke kusa da mu, mai shuɗin ido, ta juyo da sauri ta ce, "Voda?" Ta miƙo mata kofin Zamzam. Daga baya na gane 'yar Yugoslabiya ce, yarensu ɗan uwan wannan ne na nesa. Yarinyar ta saki mayafina ta faɗa jikin matar nan, ta buɗe baki ta yi ta zuba kamar an fasa tulu. Tsohuwar tana kama kaɗan tana amsawa, sauran kuma tana gyaɗa kai tana hawaye. Na ji kalmar mama ta fito ba sau ɗaya ba. Da aka kira magariba 'yan ƙungiyarsu suka zo suka tafi da ita. Mun koma gurbin nan kwana da kwanaki, ba mu sake ganin ta ba. A mota yarinyar ba ta yi kuka ba, shi ya fi tayar mini da hankali.

Na ƙara ƙaimi. In ina wanki kaset yana juyawa, in ina tuƙa tuwo yana juyawa. Zafin Madina ya sa zaren ya riƙa naɗewa a cikin rediyo, in jawo shi da tsinke in liƙe da jan farce. Duk inda na liƙe, kalma ɗaya ta tafi ke nan. Yarinyar ce ta zama malamata. In na sa wutsiyar da ba ita ba, sai ta tuntsire da dariya ta ce, "Ni, titko!" wato a'a, Gwaggo, sa'an nan ta gyara mini. Ina jin daɗin dariyar nan ƙwarai, har da gangan nakan ɓata.

'Yan watannin da aka ce suka zama shekara, shekara ta haifi 'yan uwanta. Ƙanena yakan aiko da saƙo ta bakin alhazai: an sake hana matarsa fitowa, a ci gaba da addu'a. Yarinyar ta shiga makaranta. Ta dawo da Larabci a baki, irin na yayyenta, mai santsi. A waje ba ta isa ta yi yaren uwarta ba, a gida kuma ni kaɗai ce abokiyar yi, ni da jarina bai fi na ɗan yaye ba. Yaro kuwa ba ya zama inda aka ajiye shi. Tana son ta ba da labarin malamarsu da ƙawayenta da wadda ta ture ta a layi, ni kuma abin da na iya shi ne kina ci, kina sha.

Ba zan manta wata safiya ba. Na miƙa mata kofi na faɗi maganar da wutsiyar da na san ba daidai ba ce, ina jiran dariya. Ta karɓa ta sha ta ce, "Shukran, ya Gwaggo." Na sake faɗi, na ƙara ɓatawa. Ta dube ni kawai. Ba ta ji kuskuren ba. Na shiga kicin na zauna a kan turmi, na rasa abin da ke mini daɗi. Na yi faɗa, na yi lallashi, na hana alewa sai an roƙa da yaren. Ta riƙa maimaita abin da na ce don ta rabu da ni, da irin karyayyen bakina, har da boda. Abin da aka ba ni ajiya yana zuba ta ƙasan ƙwarya ina kallo, na rasa inda zan toshe.

Tana da shekara tara aka bar uwar ta fita. Saƙo ya zo cewa ta sauka Kano, za su bugo waya ranar Juma'a da hantsi a gidan Hajiya, don mu ba mu da waya. Kwanakin da suka rage na zaunar da yarinyar na yi ta cusa mata gaisuwa. Ta haddace, kamar yadda ake haddace karatun da ba a san fassararsa ba.

Muka je da wuri, na sa mata rigar Salla kamar za a gan ta. Wayar ta yi ƙara. Ƙanena ya gaishe ni a gurguje, ya ce, "Yaya, ga ta." Na miƙa wa yarinyar. Ta faɗi gaisuwarta daidai, ba ta yi tuntuɓe ba. Daga can na ji muryar mace ta ɓarke, magana tana bin magana, da kuka da dariya a haɗe. Yarinyar ta tsaya tana saurare. Ta dubi bango, ta dubi Hajiya, ta dube ni. Sai ta rufe bakin wayar da tafin hannu ta ce a hankali, "Gwaggo, esh tigul?" Me take cewa?

Ni ma ban kama ba. Sai muryar uwar ta dawo a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, da wata irin Hausa mai tauri: "'Yata. Kina lafiya? Ni ce mama." Ashe ita ma shekarun nan ba zaune take ba. Ta san gidan Hausawa aka kai 'yarta, ta yi ta koyon Hausa daga 'yan takardun da mijinta ya bar mata.

Yarinyar ta ji wannan sarai. Fuskarta ta saki. Ta buɗe baki ta amsa da abin da ke bakinta, Larabci, tiryan-tiryan: tana lafiya, tana aji uku, ta iya karatu, yaushe za ta zo. Na yi ta nuna mata da hannu ta yi Hausa. Ta gwada, kalma biyu suka fito, sauran suka maƙale. Ta ji kunya, ta tura mini wayar ta ɓuya a bayana.

Na kara a kunne. Ina jin numfashin matar da ban taɓa gani ba. Na tattaro ɗan abin da nake da shi na ce, "Bona tut. Bona yist. Bona spit. Bona belika." Tana nan, tana ci, tana barci, ta girma. Iyakar jarina ke nan, shekara biyar. Ina so in ce mata na yi iya yina, in ce za ta dawo mata da shi in sun zauna tare, amma ba a koya mini jiya ba, ba a koya mini gobe ba.

Ta ce da Hausa, "Na gode, Yaya." Daga nan ta kasa ci gaba, sai kuka, irin wanda ake toshe baki a yi.

Yarinyar tana riƙe da zanena ta baya. Hajiya ta juya fuska ga bango. Magana ɗaya ta rage mini, wadda na fara koya ina tsintar shinkafa, na faɗa mata ita kamar yadda na saba faɗa wa 'yarta.

"Ne plach," na ce. "Ne plach."