Safiyar da Kawu Sharhi Ya Yi Shiru

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ba wanda ke kiransa da sunansa na yanka. Sharhi ake ce masa a unguwa, kuma wallahi wanda ya laƙaba masa sunan bai zalunce shi ba. In ka gaishe shi da safe, to ka nemi wurin zama. Ko labarai ake karantawa a rediyo, mai karatun bai taɓa kai ƙarshen magana shi kaɗai ba a gidan Kawu.

A wata cibiyar binciken namun daji yake aiki, a ɗakin da ake adana matattun tsuntsaye. Tun yana saurayi yake jan durowa, ya goge fukafukai, ya canza kafur, ya mayar. Ni dai ina ganin aikin ya karɓe shi ne saboda mazauna ɗakin ba sa iya tashi su gudu. Ya san kowane tsuntsu daga baki har jela, amma duk a kwance ya san su, ƙafafu a sama, ciki cike da auduga.

Ana gab da ritayarsa cibiyar ta shirya tafiya wani daji mai fadama, can inda hanyar mota ke ƙarewa a hau kwalekwale, don a gano ko wani tsuntsu mai gudun mutane yana nan ko ya ƙare a duniya. Kawu ya yi shekara da shekaru yana riƙe gawar tsuntsun nan, bai taɓa jin kukansa ba, kuma ya san daga wannan babu wata tafiyar a gabansa. Ya je wurin Farfesa, matar da za ta jagoranci tafiyar, ya yi ta roƙo har shayinta ya huce.

"Gurbi ɗaya ya rage," in ji ta, "na mai riƙe na'urar ɗaukar sauti. Zama za ka yi a ɓoye daga asuba zuwa hantsi, ko tari babu. Ga na'urar. Ka ɗauko mini safiya ɗaya a gidanka wadda babu muryarka a ciki, sai in sa sunanka."

Kawu ya sayo takalman ruwa da hula mai raga, ya kafa tanti a tsakar gida tsakanin igiyar shanya da durom ɗin ruwa. Sannan ya bi unguwa gida gida yana bayanin muhimmancin shiru, har masu shago suka koma ɓuya bayan kanta in sun hango hular.

Gwajin farko maƙwabcinsa mai aski ne ya rusa shi. Ya leƙo ta katanga, ya ce da matar Kawu, wadda muke kira Inna, yana ɗaga murya, "Inna, ashe jemage ma tsuntsu ne? An ce ƙwai yake yi."

Zif ɗin tanti ya buɗe fuu. "Ƙwai? Kai, ƙwai ka ce?" Ranar sai da mai aski ya rasa kwastomomin safe.

Ya gwada manna filasta a baki, ta tafi da rabin gashin bakinsa. Ya gwada guntsar ruwa, ya haɗiye don ya koya wa Inna yadda ake rufe famfon da ita ke rufe shi tun aurensu.

Wata safiya ya shige tantin tun kafin kowa ya motsa, ya kunna na'ura, ya dafe baki da hannu biyu. Gari ya waye bai ce uffan ba. To a gidan nan, shiru ma'anarsa ɗaya ce, maigida ya fita. Babbar 'yarsa ta zo daga gidan mijinta, ita da Inna suka zauna a benci jikin tantin.

"Inna, likita fa ya ce aikin nan ba zai jira ba. Kin faɗa wa Baba?"

"Na fara. Na ce, 'Malam, na je asibiti,' sai ya ɗauko mini tarihin asibitin tun daga harsashin gini. Wata rana har na kai 'sun ga ƙari a cikina,' kafin in rufe baki ya ce su ma a wurin aikinsu sun taɓa buɗe wata agwagwa. Bai ma ji ba. Ki ƙyale shi. Na ce likitoci su sa ranar aikin bayan su Malam sun tafi dajin. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa yana shafa gawar tsuntsu, a bar shi ya ji kukansa ko sau ɗaya ne."

Kawu bai motsa ba har hantsi ya dubi tantin. Daga baya ya ce mini ba dauriya ya yi ba, maganar ya nema ya rasa. Na sha yi masa dariya a rayuwa, amma ran nan tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Ya kai wa Farfesa na'urar, ya ajiye a teburinta.

"Na yi shirun. Amma ba zan je ba."

Ta gyara zama tana jiran sauran bayanin. Da ta ɗago, har ya kai ƙofa.

Inna ta same shi yana naɗe tanti, ya gaya mata a taƙaice. Ta yar da tsintsiya.

"Wa ya ce ka fasa? Malam, wa ya aike ka? Ni da na tsara abina, a yi mini aiki in yi jinya cikin kwanciyar hankali, yanzu za ka zauna a kaina kana koya wa likita riƙon almakashi!"

Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta faɗi tsoron da take ji da yadda ciwon ke hana ta sunkuyawa, ta koma kan faɗan. Kawu yana zaune a kan naɗaɗɗen tantinsa da rabin gashin baki. Da ta tsaya jan numfashi sai ta dube shi, tana jiran ya karɓe maganar kamar kullum.

"Ina jinki," in ji shi. "Ƙarasa."