Gidan Bakin Kwata

Ni mutum ne mai waswasi, kuma ban taɓa ɓoye wannan ba. Idan na yi alwala na fito, sai in tsaya a bakin ƙofa ina tambayar kaina ko na shafi kai, in koma in sake. Idan na kulle rumfar namana a kasuwa, sai na dawo daga bakin titi na girgiza kwaɗon. Mutanen gidanmu sun saba har sun daina dariya. Autanmu ne kaɗai bai daina ba, shi da yake aikin ofis a Abuja, yake zuwa mana Sakkwato da sallah cikin turare mai hawa kai, da Hausar da ya wanke ta tas har ba ka jin garinmu a bakinsa.

Gidanmu na gado a Ƙofar Atiku yake. Ginin ƙasa ne na kakanmu, mahauci ɗan mahauci. Bayan rasuwar Baba damina ta zubar da bangon ɗakin Inna, magada kuma suna da yawa, aka daidaita a sayar. Ni ne babba, don haka ni da iyalina za mu zauna da Inna. Auta ne mai hali, shi ya ce zai cika a saya mata gidan bulo ta huta. Na gode masa a kan wannan, har gobe ina gode masa. Abin da ya biyo baya ne ban gode ba.

A lokacin idanun Inna sun yi yana. Haske da inuwa kawai take rarrabewa, mutum kuwa da muryarsa da takunsa take gane shi. Na san duk inda aka sauke ta, nan za ta ƙarasa kwanakinta, domin ba ta da ƙafar sake tashi. Wannan tunanin ya hana ni jin daɗin abinci.

Ni na samo gida a Gawon Nama, cikin lungu. Ba shi da kyau, ban ce yana da shi ba. Ɗakunan ƙanana ne, akwai injin niƙa a bayan katanga, mai gyaran babur a bakin lungu, ga magudanar ruwa ta ratsa gaban ƙofa an ɗora mata katako. Amma masallaci yana kusa, maƙwabta kuma katanga ɗaya ce tsakani. Shi kuwa Auta a waya ya samo nasa, yana zaune cikin sanyin ofis. Wani dillali ya tura masa hotunan wani sabon gida can ƙarshen gari, wajen fadama, inda gulbi yake barin tafki idan ya janye. Ya ga rana tana faɗuwa a kan ruwa, shi ke nan hankalinsa ya tafi.

Dillalin nan irin waɗanda suke sa baƙin tabarau ko cikin ɗaki ne. Makullai a hannu yana kaɗa su kamar mai kiran awaki. Da ya kai ni ganin gidan, bai nuna mini rijiya ba, bai nuna mini alƙibla ba, sai ya ja ni gaban wata ƙatuwar taga ta gilashi ya buɗe hannuwa.

"Alhaji, dubi ni'ima. Manyan mutane yanzu bakin ruwa suka so."

"Ban je Makka ba tukuna," na ce masa. "Ruwan ga ina yaka tsayawa in damina ta yi ƙarfi?"

"Can ƙasa. Bai taɓa zuwa nan ba."

"Gidan ai bara anka gina shi. Yaushe za shi taɓa zuwa?"

Ya yi dariya ya ce an gaya masa halina. Na sauka bakin ruwan na ɗiba a tafin hannu, na duba launinsa, na sansana. Kore-kore ne, yana warin laka da kifi. Can gefe akwai wani wuri da masunta suke jawo kwalekwalensu su ɗaure, guda biyu ko uku, da komar kamun kifi tana bushewa. Dillali ya nuna wurin da makullansa ya ce, "Ga ma kwata nan, kifi ɗanye har ƙofa." Sauro kuwa, da ranar Allah, ya riga ya fara mini sannu da zuwa a wuya.

Na kira Auta na jera masa abin da na gani. Ruwa na iya tasowa. Yarana ƙanana ne, ƙaramar ba ta ganin kwano da ruwa ba ta sa hannu ba. Inna ba ta gani, taku kaɗan ne daga ƙofa zuwa gangare. Masallaci sai an hau babur.

"Yaya," ya ce, "kai ko a Aljanna aka ba ka gida sai ka tambayi inda kogunan suke tsayawa da damina."

Na yi istigfari a madadinsa. Ya ci gaba da cewa a Abuja mutane rububin irin wannan wuri suke, iska mai kyau, ba hayaniya, Inna za ta zauna ta kalli ruwa hankalinta ya kwanta. Ta kalli ruwa! Matar da ba ta ganin fuskar ɗanta sai ya yi magana. Wannan shi ne zurfin tunanin mai digiri: ya zaɓa wa makauniya gida saboda taga.

Washegari na dawo daga kasuwa na tarar Inna ta fito da kwallayenta na tun aure tana gogewa, tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Rabon da in ji ta haka tun Baba yana da rai. Inna ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari, sai dai ta ce "kai wanga".

"Kai wanga, ka ji abin arziki? Auta ya samo muna gida bakin kwata."

Ashe Auta ya kira ta, ya maimaita mata kalmar dillali yadda ya ji ta. Shi kwatar jirage yake nufi. Ita kuwa a duniyarta kwata ɗaya ce, inda ake yanka shanu. Can Baba ya yi rayuwarsa, can ita ma ta yi ƙuruciyarta tana karɓo kai da ƙafa tana dafawa ta sayar. Matan mahauta da suka tsufa tare da ita duk a wannan kewayen suke. Ta riga ta zaunar da kanta a zaure, tana jin kukan shanu da asuba, yaran aikin Baba da suka zama manya suna wucewa suna durƙusawa su gaishe ta.

Na shiga ɗaki na zauna ina juya abin. Idan na yi shiru, na taya a yaudari mahaifiyata. Idan na yi magana, za a ce babba yana baƙin ciki da kyautar ƙarami, yana son a sayi wanda shi ya samo. Na binciki zuciyata ko akwai hassadar a ciki, na sake bincikawa, kamar yadda nake koma wa kwaɗo. Daga ƙarshe na fito na tsuguna kusa da ita.

"Inna, ba kwatar yanka ba ce. Ta masunta ce, inda suka ɗaure jirage."

"Jirage? Cikin Sakkwato?" Ta ci gaba da goge kwallarta. "Kai dai da waswasinka. Tun kana yaro in anka ba ka nono sai ka leƙa ko da ƙuda."

A nan na gane abin da halina ya jawo mini. Mutumin da kullum yake cewa a duba, ranar da ya zo da magana tsayayya ba mai ɗaga kai. Na bar ta. Na kira Auta na ce abu ɗaya nake roƙo, kada a biya sai Inna ta taka wurin da ƙafarta. Ya ce ba damuwa, daɗi ma zai ji ya ga farin cikinta.

Ya zo ƙarshen mako da motarsa. Bayan la'asar muka ɗauki Inna, ta sa mayafinta na zuwa biki. Dillali yana jiran mu a ƙofa da tabarau da makullai. Na riƙe hannunta ta sauko. Ta tsaya, ta ɗaga hanci, ta juya kai dama da hagu. Auta ya riga ya ɗaga waya yana ɗaukar ta.

"Ina shanun?" ta ce.

"Waɗanne shanu, Inna?"

"Kwata ba shanu? Ban ji jini ba, ban ji toka ba. Laka nika ji."

Dillali ya kwashe da dariya, ya ce, "Hajiya, ai kwatar masunta ce. Nan unguwar manya ce, wa za shi kawo maki mahauta da ƙazantarsu?"

Ban taɓa jin daɗin wautar wani kamar ranar ba, Allah Ya yafe mini. Auta ya sauke wayar a hankali.

"Ƙazantar tasu ta biya ma wanga kuɗin makaranta," in ji Inna, ta nuna inda take jin numfashin Auta. Sannan ta saki hannuna, ta juya wajen gidan da ke gefe, mai doguwar katanga da waya mai ƙaya a kai, ta ɗaga murya kamar yadda take yi a Ƙofar Atiku idan tana neman aron turmi.

"Salamu alaikum, masu gida!"

Shiru. Wani kare ya yi haushi daga ciki. Kwaɗi suna ta nasu a bakin ruwa. Ta sake yin sallamar, ta jira.

"Inna, ai shi ne daɗin wurin," Auta ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Ba mai damun ki. Ki shigo ki ga tagar."

"In gani da mi? Auta, in na faɗi nan yayanka yana kasuwa, matarsa ta yi kururuwa, wa za shi ji? Kwaɗi za su yi man wanka?"

Ta miƙo mini hannu ta ce a kai ta ta ji wancan ɗin da na samo.

Muna shiga lungun Gawon Nama injin niƙa yana ruri, yara suna guje-guje, wata mai ƙosai tana faɗa da mai babur da ya tsaya mata a gaban kasko. Auta yana tattare bakin rigarsa kamar mai ratsa asibiti. Inna ta yi sallama sau ɗaya, murya uku suka amsa daga gidaje daban-daban, wata tsohuwa ma ta leƙo tana tambayar ko baƙi ne a kawo ruwa. Da muka iso ƙofar gidan na riƙe ta da kyau, saboda katakon da ke kan magudanar yana rawa.

"Inna, ɗaga ƙafa, kwata ce."

Ta tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Sai ta fara dariya, irin wadda take sa tsoho tari, har ta jingina da ni.

"To, ga kwata. Auta, ka cika alkawari. Nan za ni zauna."

Nan aka saya. Nan take har yau, a kan tabarma a zaure, ta san muryar kowa a lungun, ta san wanda ya yi wa matarsa faɗa da wanda ya sayi sabon babur. Wasu daga cikin yaran Baba sun gano inda take, sukan biyo da hanta a leda.

Auta bai haƙura da tagarsa ba. Bayan wani lokaci ya sayi gidan bakin ruwan don kansa. Yana zuwa da sallah, ya tsaya a gaban gilashi da shayi a hannu a ɗauke shi hoto, ya kwana biyu yana kashe sauro da tafi, ya koma Abuja fuska duk ƙuraje yana ba abokansa labarin ni'ima. Sauran watannin shekara gidan yana rufe, ƙadangaru ne suke kallon faɗuwar rana.

Makullin kuwa ni ya bar wa, don ya san ba zan iya ƙin dubawa ba. Duk lokacin da hadari ya haɗu ta gabas, sai in rufe rumfa in hau babur in tafi fadama. Na kafa wani ƙarfe a gangaren ina auna inda ruwa ya kai. Gaskiya ita ce har yau bai taɓa shiga gidan ba, ko dakalin ƙofa bai taɓa ba. Auta yakan tuna mini da wannan a waya, yana jin ya ci nasara. Ni dai ban ga nasarar mutumin da ya sayi wuri don ya riƙa kallon ruwan da ba ya sha, ba ya alwala da shi, ba ya ko iya kama kifin cikinsa ba.

Tawa kwatar ta ƙofar gida ita ma ba ta bar ni na huta ba. Na canza katakon da kankare, duk da haka idan babur ya wuce sai in ji kamar wani abu ya fantsamo mini a ƙafar wando. In duba, ban ga komai ba, in shiga in wanke, in fito, in sake dubawa. Inna tana jin ƙarar buta daga zaure.

"Kai wanga," takan ce, "an tada iƙama. Ka bar wandon nan haka nan ka tafi."