Hannun da Firam Ya Rufe

In ka shiga Unguwar Dosa ka tambayi gidan Inna Hansai mai ɗinki, ba wanda zai ce maka bai sani ba. Shekara arba'in ta yi a kan keken ɗinki, har sai da idanu suka ce sun gaji. Rabin yaran layin a hannunta suka sami rigar sallarsu ta farko, iyayensu ma haka.

A bangon ɗakinta akwai wani hoton fenti da ya girmi 'yancin kai. Mahaifinta, Malam Bawa, kuku ne a gidan wani Baturen gwamnati a nan Kaduna, matar Baturen kuwa ba ta da aiki sai zane. Wata rana ta ga Hansai, 'yar shekara huɗu, ta ce a ɗora mata ita a kan doguwar kujera ta zana ta. Da za su koma ƙasarsu suka bar wa kuku hoton a cikin firam ɗinsa na katako.

To, Hansai 'yar fari ce, ka kuwa san kunyar mutanen da. Uwarta Safiya ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke". Ba ta ɗaukarta a gaban mutane. In ta faɗi, sai ta kau da kai, wata ta ɗaga ta. Kafin yarinyar ta yi wayo, Allah ya karɓi ran Safiya. Inna Hansai ta sha gaya mini, tana dariyar da ba ta kai ciki ba: "Kowa cewa yake kunya ce. To ni ina zan sani? Ko taɓa ni ban tuna ta yi ba."

Bara gara ta cinye firam ɗin. Ta naɗe hoton a mayafi, ta tafi Kurmin Mashi wurin Ɗayyabu mai yi wa hotuna firam.

Ya duba hoton, ya dube ta. "Inna, ashe tun kina ƙarama kike tura wa mutane baki?"

"Yi aikinka, ɗan nan. Ubanka ma bai isa ya tambaye ni ba."

Yana dariya ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Tsohon katakon faffaɗa ne, ya hau gefen hoton sosai, kuma inda ya rufe launi na nan sabo ful. Can Ɗayyabu ya tsaya, ya ƙura wa gefen hoton ido.

"Inna, ba ke kaɗai ba ce a hoton nan. Ga hannun mace a ƙasa, da lalle, ya riƙe miki ƙafa. Kamar wata ce ta tsuguna a gindin kujerar don kada ki faɗo."

Ta matso da fuskarta har hancinta na neman taɓa fentin, ba ta ga komai ba sai duhu-duhu.

"Ƙirga mini yatsun."

"Biyar... a'a, shida. Akwai cindo."

"Na hagu ne?"

"Na hagu."

Ta lalubi benci ta zauna. A duk gidan Baturen nan, in ji ta, mutum ɗaya ce mai cindo a hagu: uwarta Safiya. Ta miƙa hannu, Ɗayyabu ya kama yatsanta ya ɗora mata a daidai wurin. Ta daɗe a haka.

Daga baya ya tambaya a hankali, "Wane irin firam za a sa, Inna?"

"Siriri," ta ce. "Kada ya hau mata hannu."