Kaset Mai Baƙin Zare

Ku da kuke dallanci da waya yanzu, ku saurara. Har yau ban manta da ranar da na kusa rufe wa kaina ƙofofin unguwarmu ta Kurayyat ba.

Lokacin bidiyo na tashe. Nakan bi gida-gida da turare da atamfa, a ƙasan jaka kuma kaset na haya, don mata ba sa shiga shagon hayar kaset. Ban yi karatu ba, amma ban taɓa rikita kaya ba. Zare nake ɗaurawa: ja na Indiya, kore na Masar, baƙi na yaƙi. Mai shagon a kasuwar Balad ya faɗa mini irin fim ɗin, ni in ɗaura.

Wata Sa'adiyya ta ce in kawo na yaƙi. Mai shago ya miƙo ɗaya, ya ce, "Na yaƙi ne, yalla, yi sauri." Na ga soja a kwali, na ɗaura baƙi.

Bayan la'asar aka sa a gidansu, ina shan shayi. Ashe kurkukun mata ne. Sojoji na azabtar da su, suna keta musu mutunci, mai ɗaukar hoton kuma ya tsaya a kai kamar abin sha'awa, har da kiɗa. Sa'adiyya ta zabura za ta kashe.

Uwarta, Inna Kaltuma, mutuniyar Chadi, ta ɗaga hannu ta tsayar da ita. Ban san an taɓa tsare ta lokacin yaƙinsu ba sai ranar. Ta kalla kaɗan, ta ce, "Wanda ya yi wannan bai taɓa shiga ba. A can babu kiɗa. Khalas, ya isa, kashe."

Sa'adiyya ta juyo gare ni (Khala suke kirana, wato gwaggo), ta ce, "Khala, kada ki ƙara taka gidan nan." Kun san magana ɗaya a unguwa ta isa ta rufe wa mutum kowace ƙofa.

Na mayar da kaset ɗin. Mai shago ya ce, "Ai maza rububinsa suke." Na ce, "To ka ba su da hannunka, ba da jakata ba."

Washegari na koma gidan ba kaya, na durƙusa, na ce, "Inna, ban kalla ba na kawo. Laifina ne."

Ta ce, "Tashi. Daga yau idonki ya riga zarenki."

Ita da kanta ta sa aka buɗe mini ƙofa. Tun ranar ban ɗaura wa kaset zare ba sai na kalle shi har ƙarshe. Gidan da aka shigar da ke, ba ki san abin da mutanensa suka tsallake ba. Abin da jakarki ta kai musu, ke kika kai.