Muryar Zubaida a Cikin Salula

Zubaida ƴar Kore Mairuwa ce, aure ya kawo ta Dogon Dutsi, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata shekara ashirin da wani abu. Ba ta yi lakwal ba, wato boko, amma Allah ya ba ta murya. Duk bikin da ba ita ta yi guɗa ba, sai ka ji mata na cewa bai yi armashi ba. Mai ciki in tana jin kunyar zuwa awo, Zubaida ake kira ta raka ta likita, wato asibiti, ta yi ta ba ta dariya a hanya har su isa. Ni da nake da saurin fushi ma, ba mu taɓa kwana da gaba ni da ita ba.

Ɗan ƙanenta Abdussalamu ne ya jawo mata, kuma wallahi ba da mugun nufi ba. Ya yi karatun odinata, wato kwamfuta, a Yamai, ya dawo yana aiki da wani porje, shirin kula da lafiyar mata. Abin da suka ƙera shi ne: ranar da mace ta fara awo, sazfam, ungozomar likita, ta shigar da sunanta da lambar wayarta, daga nan na'ura ta riƙa lissafi da kanta. In lokacin awo ya matso, ko na shan magani, ko na rigakafin jariri, sai salula ta yi ƙara, murya ta tuna mata tun ba ta tambaya ba. Murya kuwa, ya ce babu kamar ta gwaggonsa.

Ina zaune ranar da ya kawo maganar. Zubaida ta ce, "Kai Abdussalamu, mu nan ba a ƙidaya wa mace watanninta da baki. Ko uwarta da ido take yi."

Ya yi dariya ya ce, "Gwaggo, tunatarwa ce kawai. Mata nawa ke mutuwa don sun manta ranar awo?"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yarda. Kwana huɗu tana maimaita masa maganganu yana ɗauka. Wata shida abin na tafiya lafiya, har mata na tsokanarta a kasuwa wai ta tare a cikin salula.

Sai aka zo kan Sahura, wata yarinya a garinsu Zubaida, wadda ta yi ɓari sau biyu, ta ɓoye ciki na uku har ga ƙawayenta. Lambar mijinta ta bayar a likita, don ita ba ta da waya. Ranar da kiran ya shigo, mijin ya buɗe murya a tsakar gida, mata na daka. Kowa ya ji Zubaida ƙarara tana cewa, "Sannu Sahura, cikinki ya shiga wata takwas, saura kaɗan." Bayan kwana uku Sahura ta haihu, ɗan bai zo da rai ba.

Da a nan abin ya tsaya, da an ce ƙaddara. To babu wanda ya gaya wa na'urar an yi rashi. Da lissafinta ya cika sai ta sake kira, muryar nan cike da fara'a: "Barka da arziki, Sahura. Ki kai jariri rigakafi." An ce Sahura faɗuwa ta yi a wurin.

Ba wanda ya fito ya ce wa Zubaida mayya, amma ni na ga yadda abin ya riƙa tafiya. Aka yi biki biyu a unguwarmu ba a kira ta ba. In ta shigo gida, sai uwa ta ja ɗanta ta tura ɗaki. Na yi faɗa da mata uku a bakin famfo, har na ce wa ɗaya jahila, ban ga amfanin da ya yi ba. Limamin matasa ya yi bayani bayan sallar Juma'a cewa na'ura ce, aka ce to, aka watse, kowa da abin da ke ransa. Abdussalamu ya zo yana hawaye, ya cire muryarta, ya sa a riƙa tambayar sazfam kafin kowane kira. Amma an riga an ji.

Tsoro ya shige ta sosai. Mun san abin da ake yi: in yaro ya kwanta aka zargi mace, sai a zo a tafi da ita a ce ta tsallake shi a gaban jama'a, kuma daga ranar sunan ya bi ta har jikoki. Ko wa ya yi sallama a ƙofa, sai na ji ta yi tsit. Ɗan maƙwabta in ya yi zazzaɓi, ita ke rasa ci. Ta rame, ta daina zuwa kasuwa.

Bayan girbi ta ce bari ta je Tibiri wurin ƴarta Hindatu ta huta da idon mutane. Hindatu na da ƴaƴa biyu, kuma duka Zubaida ce ta yi mata rakiyar awo. Kwana ɗaya ta yi ta dawo. Na same ta zaune ko mayafi ba ta cire ba, na ce lafiya?

Ta ce ta tarar da Hindatu da ciki, babba, ba ta taɓa gaya mata ba. Da ta miƙa hannu, yarinyar ta ja da baya ta saki hijabi a kansa, ta ce, "Inna, ba wai na yarda da maganar mutane ba ne. Amma ki bari sai na sauka."

Na fara zagin Hindatu, Zubaida ta riƙe mini hannu.

Ta ce, "Ƙyale ta. Kallo ɗaya na yi mata na san watan da take ciki. Tun daga tasha nake danne bakina, ina tsoron kar lissafin ya fito."